Dubu Saba'in a Carbin Baba

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da lissafi a firamare, kuma duk sanda muka zo kan manyan lambobi, dubu saba'in nake rubuta wa yara a allo. Sauran malamai miliyan suke so, wai ta fi burge yara. Ni kam ban taɓa haɗa hanya da miliyan ba. Dubu saba'in kuwa na zauna da ita ɗaki ɗaya kwana talatin da biyar, a gidanmu na unguwar Shamaki, shekarar da Baba ya rasu.

Shekarar ce gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa da kowa. Arzikin mai ya shigo ƙasa, ko'ina ka juya a Gombe sai tarin bulo da buhunan siminti, samari sun sami babura sun hana kaji sakat a lungu. Ni ina da shekara ashirin da biyu, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ga aure sabo a unguwar Jekadafari, ga aji cike da yara har bakin ƙofa. Kaina ya yi girma a lokacin, ba zan ɓoye ba. Gani nake duk abin da ba a rubuta shi da alli ba, to bai kai a kira shi ilimi ba.

Baba mai awo ne a wurin sayen auduga. Manoman ƙauye sukan bi layinsa ko da ya fi na kowa tsawo, don sun san sikelinsa ba ya cin mutum. Ba shi da yawan magana. In ya dawo daga masallaci yakan shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki ya ɗauko carbinsa, wani tsohon carbi na baƙin itace da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya je Makka a ƙafa. Carbi ne mai ƙwaya ɗari, kowa a gidan ya san haka. Yana da wata ɗabi'a in yana ja: duk sanda ya kai ƙarshen zagaye, sai ya ɗan bubbuga gwiwarsa ta hagu da yatsu huɗu, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, sannan ya sake farawa. Inna takan tsokane shi, wai shi ko a gaban Ubangiji sai ya kaɗa kalangu. Murmushi kawai yake yi.

Inna kuwa Bafulatana ce ta gidi, ni kuma 'yar fari ce. Wanda ya san Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama da ni tabarma ɗaya, ba ta yaba mini, in ba dole ba ma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, “Randar nan ba mai tausayinta.” Ƙannena maza tana wasa da su har da dariya, ni kuwa sai “ke” ko “waccan”. Na san kunya ce, al'ada ce, an gaya mini tun ina ƙarama. Sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ga ta da zafin hannu kuma, in ka yi laifi ba ta jiran bayani.

Baba bai yi doguwar jinya ba, kwana shida ne Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku, limamin unguwarmu ya aiko wa Inna saƙo ta bakin Goggo, yayar Baba, wadda ta tare a gidan don taya zaman makoki. Ya ce akwai abin da magabata ke yi wa mamaci: a yi hailala ƙafa dubu saba'in, a roƙi Allah ya kai masa ladan. Ya ce an saba raba wa mutane, kowa ya ɗauki abin da zai iya, a haɗa kafin sadakar arba'in. Na san yanzu akwai masu cewa abin ba shi da tushe. Ni ba malamar addini ba ce, kuma a wancan lokacin ba wanda ya tayar da zancen a unguwarmu.

Inna ta ce ba za a raba ba. Ta ce shekara ashirin da huɗu mutumin nan bai taɓa ɗaga mata murya ba, ita kuwa ta ɗaga masa ba adadi, saboda haka da bakinta za ta yi masa, ita kaɗai, kuma za ta cika kafin ranar arba'in. Goggo ta yi lallashin duniya ta ƙi. In Inna ta kafe, gara ka je ka ture kuka.

Liman ya aiko da 'yar takarda ya rubuta adadin da lambobin Larabci: bakwai mai kama da ƙahon sa, da ɗigo huɗu a gefenta. Inna ba ta karatu, amma ta naɗe takardar ta sa ƙarƙashin matashinta. Ita ba ta ma cewa dubu saba'in, zambar saba'in take cewa, irin ƙirgan tsofaffi. Ni kuma na buɗe littafina na rubuta bakwai da sifili huɗu, har da 'yar waƙafi a tsakiya yadda aka koya mana. Lamba ɗaya, ta shigo gidanmu da riga uku.

Washegari, kwana huɗu da rasuwar, ina shara a tsakar gida na ji Inna ta ce wa Goggo, da ƙarfi yadda zan ji, “Ko waɗanda aka kashe wa kuɗin alli za su iya gaya wa mutum nawa zai riƙa yi kullum?” Na jingine tsintsiya. Na lissafa, in ta fara gobe, kwana talatin da biyar ne zuwa jajibirin arba'in. Na raba dubu saba'in gida talatin da biyar, sai ga dubu biyu cif, ba saura. Na raba dubu biyu ga salloli biyar, ɗari huɗu. Wato zagaye huɗu na carbi bayan kowace salla, shi ke nan. Na gaya wa Goggo, ni ma da ƙarfi, ina jin kaina kamar wadda ta ƙera jirgin ƙasa. Inna ta ce, “To.” Iyakar ladana ke nan.

Carbin Baba ta ɗauka, ta ce da shi za ta yi. Yadda za ta riƙe ƙirga kuwa ba ta tambayi kowa ba. Gidan mai awon auduga ba ya rasa angurya, sai ta ɗebo tafi guda ta ajiye a gefen tabarmarta. In ta gama zagaye ɗaya, ta jefa angurya ɗaya a ƙoƙo. In angurya ta kai goma, ta kwashe ta sa ƙwallon dabino ɗaya a wani gwangwani, dubu ke nan. In ƙwallon dabino ya kai goma, ta zubar ta yi ƙulli ɗaya a wata igiya da ta rataye a ƙafar gado. Kullum ƙwallo biyu, duk kwana biyar ƙulli ɗaya. Ƙulli bakwai ake nema.

Na yi kwana biyu ina kallon wannan tsari kafin na gane abin da nake gani. Shi ne fa abin da nake fama da yara a kai tun farkon zango har muryata na dushewa: gidan ɗaya-ɗaya, gidan goma-goma, gidan ɗari-ɗari, in gida ya cika ka ɗauki ɗaya ka kai maƙwabci. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba, ita ce ta shimfiɗa shi a ƙasa da angurya da ƙwallon dabino. Na ji kunya kaɗan, amma ban fasa rubuta nawa a littafi ba, ita ma ba ta taɓa leƙa littafin ba.

Maigidana ya bar ni na zauna a Shamaki har a yi arba'in, daga nan nake zuwa makaranta. Hedimastanmu shi ne wanda ya koya mini lissafi tun ina 'yar aji huɗu, Batangale ne, Kirista, mutumin wajen Kaltungo. Aminin Baba ne, kwana uku yana zuwa zaman makoki yana zama a tabarmar maza a ƙofar gida. Wata rana lokacin hutun tara ya tambaye ni jikin Inna, na ba shi labarin dubu saba'in, ina alfahari da yadda na raba ta. Sai ya ja ni zuwa allo, don shi mutum ne da in ya ga lamba sai ya feɗe ta kamar mahauci ya sami rago. Ya yi ta raba ta har ta ƙare: biyu sau huɗu, biyar sau huɗu, bakwai sau ɗaya. Ya ce waɗannan su ne ƙasusuwanta, in ka ninka su duka za ta dawo yadda take. Ya ce ba wayona ne ya sa ta rabu ba, talatin da biyar ai biyar ce sau bakwai, duka biyun kuma suna cikinta, shi ya sa ta yi mini ladabi. Da kwana talatin da shida ne da na ga taurin kanta, don babu uku a jikinta ko kaɗan, duk lambar da ke ɗauke da uku ba za ta shiga cikinta ta fita lafiya ba.

Ya ƙara da cewa lambobi hamsin ne cif suke raba ta ba saura, in ban yarda ba in je in nemo su. Na kwashe yammaci guda ina nema, na sami arba'in da tara, na dawo ina cewa ya yi kuskure. Ya duba ya ce na manta da ita kanta. Ya kuma lissafa mini cewa da mutum zai riƙa faɗin kalma ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba sha ba numfasawa, sai ya yi awa goma sha tara da kusan rabi kafin ya kai. Daga ranar na rage kallon aikin Inna kamar zagaye huɗu kawai.

Aiki ne kuwa. Mace ce mai takaba, ba ta fita, ba ta cin abin kirki, ga masu gaisuwa ba sa yankewa. Duk da haka ba ta taɓa tsallake salla ɗaya ba. Ba ta kuma yarda ta yi a zuci, sai ta furta kowace kalma a fili. Wajen ƙulli na huɗu muryarta ta fara shaƙewa, wajen na shida sai ka matso kusa kake jin ta. Goggo ta dafa mata citta da kanumfari, ta sha ta ci gaba. Ta rame har awarwaron da ta cire ta ajiye, da ta mayar da shi da sai ya zube. Amma duk ranar da ta yi sabon ƙulli, fuskarta takan ɗan saki, ta shafa igiyar kamar tana gaya wa wani an kusa.

Ranar kwana talatin da bakwai, ta fita alwalar la'asar ta bar carbin a kan tabarma. Na shiga ɗaukar wani abu, na gan shi, na ɗauka. Ba da wata niyya ba, ƙamshin hannun Baba kawai nake nema. To amma malamar lissafi ba ta riƙe abu mai ƙwayoyi ta bar shi haka. Yatsuna suka fara ƙirga da kansu. Na kai ƙarshe a casa'in da shida.

Na ce na yi kuskure, na sake. Casa'in da shida. Na ware su goma-goma a hankali, tara suka fita da shida a gefe. Sai a lokacin idona ya faɗa kan zaren. Ba irin zaren carbi ba ne, baƙin zaren ɗinki ne aka ninka sau da yawa, da wani ƙulli mara kyau irin na wanda bai saba ba. Na san ƙullin nan, a gabana aka yi shi.

Shekarar samun mulkin kai ne, ina 'yar shekara shida. An raba wa 'yan makaranta 'yan tutoci, manyan 'yan mata suna ta shirin maci da sarƙoƙi a wuya, ni ba ni da ko tsakiya. Inna ta tafi suna maƙwabta, Baba yana wurin aiki. Na taka turmi na sauko da carbin daga ƙusa, na rataya a wuya, na shiga maci ni kaɗai a tsakar gida. Ban yi zagaye uku ba ya sarƙe a turken akuya ya tsinke, ƙwayoyin suka watse cikin yashi. Baba ya dawo ya same ni ina kuka ina tono, don na san abin da ke jirana in Inna ta rigaye shi. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauko rariyar Inna, ya durƙusa muka yi ta tankaɗe yashi. Da muka gaji ya zauna ya shirya su a zare. Na tambaye shi ko sun cika. Ya ce, “Sun ishe ni. Je ki wanke fuska kafin innarki ta dawo.” Ni da ƙuruciya na ɗauka amsar ke nan, na wanke fuska na manta.

Ina tsaye da carbin a hannu na yi lissafin da ban so yi ba. Zagaye ɗari bakwai Inna za ta yi gaba ɗaya, kowane zagaye da giɓin huɗu. Ranar da za ta yi ƙulli na bakwai, dubu sittin da bakwai da ɗari biyu za ta yi, ba dubu saba'in ba. Saura dubu biyu da ɗari takwas. Angurya ba ta yi ƙarya ba, ƙwallon dabino bai yi ba, rabon da na yi ma daidai ne. Abin da duk muka dogara a kai ne ba wanda ya duba, ni da littafina har da waƙafi. Sai wani tunani ya zo ya fi wannan ciwo: ashe shekara goma sha shida Baba yana wuridinsa a tauye saboda ni. Na ji takun Inna, na ajiye carbin na fita da sauri.

Washegari na kai wa hedimasta lissafin, ina fatan ya samo mini kuskure kamar yadda ya saba. Ya duba sau biyu ya ce babu. Ya ce casa'in da shida akwai uku a cikinta, ba za ta taɓa shiga dubu saba'in daidai ba, ko an ƙara zagaye ashirin da tara sai an bi da goma sha shida. Na ce masa ni na riga na yanke shawara: zan yi dubu biyu da ɗari takwas ɗin a ɓoye, in roƙi Allah ya haɗa da nata, ba wanda zai ji. Matar nan muryarta ta ƙare, in ce mata me? In ce mata aikinta bai cika ba, kuma ni ce sanadi?

Ya daɗe yana goge alli a hannunsa. Sannan ya ce, “'Yata, abin da Allah zai karɓa a addininku ba ni zan gaya miki ba, wannan na liman ne. Amma alkawarin na innarki ne, ba naki ba. In kin cika mata a ɓoye, za ta tsaya gaban mutane ta ce ta yi da bakinta, alhali ba haka ba ne, kuma ke kika sa ta.” Ya ce shekarun da ya yi da Baba bai taɓa ganin ya gyara wa manomi awo a bayan idonsa ba, ko don ya taimake shi, sai ya juyo masa da sikelin ya gani. Na ji haushinsa ranar, don na zo neman rangwame ne ya ƙi ba ni.

Duk da haka ban faɗa ba. Na yi ta cewa bayan azahar, bayan la'asar, gobe. Tsoron Inna da na girma da shi bai san na yi kwaleji ba. Jajibirin arba'in ya zo, ta idar da zagayenta na ƙarshe, ta zubar da ƙwallayen dabino ta yi ƙulli na bakwai. Goggo ta yi ta sa mata albarka. Inna ta ce a gaya wa liman da safe an cika, sannan ta ci tuwo sosai, karo na farko tun rasuwar. Ni kuwa na ture nawa kwanon gefe.

Da asuba mata suka fara shigowa da tanda da ƙullun masa, don da hantsi liman da maza za su taru a ƙofar gida a yi addu'a. Na idar da salla na ga in ban faɗa yanzu ba, to har abada ne. Na shiga ɗakinta na durƙusa daga bakin ƙofa, inda na saba tsayawa. Tana zaune a kan tabarma, igiyar na kan cinyarta.

Na ce, “Inna, carbin Baba ba ɗari ba ne. Casa'in da shida ne.”

Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki carbin ta fara ƙirgawa da Fulatanci, a hankali, da wannan shaƙaƙƙiyar murya. Ta kai ƙarshe ta tsaya. Ta sake. Ni kuma na buɗe baki na zazzage mata komai, da turmin, da turken akuya, da rariyarta, da abin da Baba ya ce. Na gaya mata saura dubu biyu da ɗari takwas. Na ce ta yafe mini, na tauye mata aiki, na kuma tauye wa Baba wuridinsa shekara goma sha shida. Ina magana ina jiran saukar hannu, da girmana da aurena.

A waje ana ta zuba ƙullu a tanda. Can sai na ga hannunta na hagu ya sauka a kan gwiwarta. Ƙaramin yatsa, na kusa da shi, na tsakiya, manuni. Ta sake yi, tana kallon yatsun kamar ba nata ba.

Ta ce, “Kalangun nan. Ashe cikon awo yake yi.”

Ni mai lambobi hamsin, ni mai feɗe lamba har ƙashi, kwana uku ina kuka a kan huɗu, ban taɓa haɗa ta da yatsu huɗun da na girma ina kallo ba. Baba bai tauye ko ɗaya ba. Kowane zagaye, kowace rana, sai ya cika abin da na zubar a yashi, ya bar matarsa tana yi masa dariya, bai taɓa buɗe baki ya ce ga dalili ba. Inna ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da mayafi. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba sai ran nan.

Da ta natsu ta tambayi zagaye nawa ke nan in an cika da yatsu. Na ce ashirin da takwas. Ta dubi ƙofa, gari ya fara haske. Ta gwada muryarta, abin da ya fito bai fi iska ba. Na san alkawarinta, na san taurin kanta, na tabbata za ta ce a sallami liman sai ta gama ko da za ta kai azahar. Sai ta matsa gefe guda a kan tabarmar.

Ta ce, “Huɗun nan tun asali naki ne. Zo ki zauna.”

Na tashi daga bakin ƙofa na zauna a tabarmarta, kafaɗata na gogar tata. Ta sa mini carbin a hannu, ta jawo ƙoƙon da anguryar gabanta, yau ita ce mai riƙe ƙirga. Na fara. Da na kai ƙwaya ta casa'in da shida na ɗaga hannun hagu zan cika, sai na ji nata ya riga ni. A kan gwiwata ta buga, ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa tana bugawa, har huɗu. Sannan ta jefa angurya.

Haka muka yi sau ashirin da takwas. Goggo ta leƙo sau biyu tana cewa maza sun fara taruwa, Inna ta ɗaga mata hannu ta koma. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, na dai san rana ta shigo har kan tabarmar kafin angurya ta ƙarshe ta faɗa ƙoƙo. Na lissafa daga baya, sau ɗari da goma sha biyu yatsunta suka taɓa ni a safiyar nan. Ban tuna ta taɓa ni haka ba tun da na yi wayo, in ba da duka ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni uban da ya rufa mini asiri shekara goma sha shida da yatsu huɗu. Na gode wa hedimasta da ya ƙi yi mini rangwame, don da ya yi, da na cika adadin ni kaɗai a lungu, da ni da Inna mun mutu ba mu san abin da kalangun nan yake nufi ba. Carbin yana wurina yanzu. 'Ya'yana sun sha cewa za su kai a ƙara masa huɗu, na hana.

Goggo ta dawo karo na uku ta ce liman na tambaya ko an cika, a faɗa masa ya sa a addu'a. Inna ta share fuska ta gyara mayafinta. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma kira sunana ba, har ta bar duniya ba ta kira ba.

Ta ce wa Goggo, “Ki ce masa an cika. Ni da 'yata muka yi.”